Tsumman da ya toshe mana kwata

Akwai ranar da har yau ba ta fita daga raina ba, wata Laraba a farkon Satumba, saura kwana biyar yara su koma lakwal, wato makaranta. A lokacin ko zare ban iya sa wa keke ba. Ni ce shugabar masu tantance kaya a wata magaza, wato ɗakin ajiyar kayan gwanjo, da ke can ƙasan unguwa, inda hanya ke gangarawa ta haɗu da babbar kwata. Sunana Balkisu. A nan unguwar Birik ta Yawunde aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, kakana ne ya zo daga Kano da fatauci ya zauna. Ku da kuka shigo ƙungiyarmu daga baya a kan keken ɗinki kuka same ni, shi ya sa nake so ku ji inda abin ya faro.

Ga wanda bai san aikin gwanjo ba, ga yadda yake. Kwantena kan taso daga Duwala a sauke mana diloli, abin da 'yan kasuwa ke kira balo, kowacce an matse ta an ɗaure da waya. Mai magazar, wani Alhaji da muke kira Patiron, shi ke saye. Ƙarƙashinsa akwai mai riƙe makulli, sai ni, sai mata takwas masu tantancewa, sai maza huɗu masu ɗaukar kaya. Idan aka yanke waya dila ta baje a kan tamfol, sai mu kasa kayan gida uku. Zaɓin farko shi ne marar aibu, masu shaguna daga Cité Verte ke zuwa su kwashe tun da safe. Zaɓi na biyu na masu kasa kaya ne a bakin titi. Na uku shi ne tsumma, wato wanda ya yage, ko ya yi tabon da ba ya fita, ko rigar sanyi mai kaurin da ba wanda zai iya sawa a Yawunde.

Lokacin da na fara aikin, tsumman dila ɗaya bai fi a rungume shi da hannu biyu ba. Shekara goma sha ɗaya na yi a wurin, kuma a idona ya riƙa ƙaruwa, har ya zama akwai dilar da za a buɗe, tsumman ya fi na kirkin yawa. Kayan suka zama sharara, ɗinkin ba ƙarfi, wanki biyu sun tashi aiki.

A cikin matan da ke ƙarƙashina akwai Mama Ngono, 'yar Ewondo, ta girme ni da kusan shekara ashirin. Ta taɓa aiki a wata masaƙa kafin a rufe ta, kuma a can ta yi zaman sandika, wato ƙungiyar ƙwadago. Hausarta ta kasuwa ce, amma ba ta rasa abin faɗa. Wata rana ta ɗago wata riga mai ruwan hoda, takardar farashi na reto a wuyanta.

Ta kira ni da Shef, wato shugaba, yadda suka saba, ta ce, "Duba nan. Wannan ba wanda ya taɓa sa ta."

Na ce to ai sa'armu ce, a jefa ta zaɓin farko.

Ta zare zare ɗaya daga gefen rigar, ta ƙyasta ashana ta kai masa. Zaren ya narke, ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai wari. Ta ce, "Da auduga ce, toka za ta yi. Wannan roba ce, daga man fetur ake yin ta. An ƙona mai an yi zaren, an ƙona mai an juya inji, an ƙona mai jirgi ya kai ta can wurin Turawa. Ba ta sayu ba, aka sake ƙona mai aka kawo mana. Hayaƙin duk yana sama. Mai kamfanin ya daɗe da cin ribarsa, gobe ma zai ɗinka wasu ninkin waɗannan, don in ya tsaya na kusa da shi zai wuce shi. Ruwan da zai sauko kuwa, ni da ke zai tarar."

Dariya na yi mata, na ce 'yar sandika ta fara. Amma a raina na san ruwa ya canja. Kakata takan faɗi makon da babbar damina za ta faɗi, kuma ba ta cika kuskure ba. Yanzu sai a yi ta jira, in ya tashi zuwa ya zo gaba ɗaya kamar an tuntsurar da randa. Kawuna da ke noman auduga a wajen Garwa ma kukansa ke nan duk lokacin da muka yi waya: ko shuka ta ƙone, ko ruwa ya kwashe ta.

A ƙa'ida, duk ranar Asabar wata mota kan zo ta kwashi tsumma ta kai juji a bayan gari. A watan Yuli na shekarar sai Patiron ya sallami mai motar. Ya kira ni ofishinsa ya ce daga yau a riƙa tara tsumman a bayan katanga.

Na ce, "Alhaji, bayan katanga ai bakin kwata ne."

Ya ce, "Na sani. Ruwa zai tafi da shi."

Ya dube ni ya ce, "Balkisu, ni ma a ɗaure ake sayar mini da dilar nan, ba na ganin cikinta sai na biya. Shararsu suke sayar mini, sannan in ɗauki mota in kai musu ita juji? In na ci gaba haka rufe wurin nan zan yi, ku goma sha huɗu ku koma gida."

Ba ƙarya ya yi ba, kuma ba mugun mutum ba ne. Shi ya kai mahaifiyata asibiti da motarsa lokacin da ta faɗi. Na fito na faɗa wa masu ɗaukar kaya abin da aka ce. Da bakina na ba da umarnin. Mako bakwai muna tarawa, har tarin ya kusa kai tsayin katangar.

Ranar Larabar, hadari ya haɗu bayan azahar, kafin la'asar an kece da ruwa. Muna cikin magaza muna jin rufin kwano kamar zai tsage. Da na leƙa ta tagar baya sai na ga rabin tarin babu shi. Na ji wani sanyi a raina, na ce ashe Alhaji ya yi gaskiya. Ban fi minti ashirin da faɗin haka ba muka ji ihu daga gangare.

Kwatar tana bi ta ƙarƙashin wata 'yar gada kafin ta fita unguwa. A nan tsumman ya je ya cushe. Auduga takan jiƙe ta lafa, ita kuwa robar nan sai ta nannaɗe ta zama kamar igiya, ta kama ledoji da gorunan ruwa, ta rufe bakin gadar ruf. Ruwan da ya rasa hanya ya dawo da baya, ya shiga gidajen da ke ƙasa.

Na cire takalmi na gangara. Ruwa ya kawo mini cinya a ƙofar shagon Baba Iliyasu tela. Dattijo ne da ya haura saba'in, shi ya ɗinka wa rabin unguwar nan kayan suna da na aure kafin gwanjo ya kwashe masa mutane. Abin da ya rage masa a shekara shi ne kayan lakwal, kuma a ranar ya gama na yara da yawa ya jera a benci, iyaye za su zo karɓa. Na ga rigunan suna yawo a kan ruwan kwata. Shi kuwa ko kallonsu bai yi ba, yana cikin gida yana kiran a taimake shi, domin matarsa Inna Hauwa ta shekara biyu ba ta tashi, kuma ruwa ya kai bakin gadonta. Mahauta biyu da suka dawo daga mayankar Etudi ne suka ɓalle ƙyauren ɗakin, aka ɗora ta a kai, aka haura da ita masallaci. Ina riƙe da ƙafafunta, suna rawa a hannuna, tana ta salati a hankali. A hanya wata rigar sanyi ja ta naɗe mini ƙafa. Na gane ta. Ni na jefa ta cikin tsumma ranar Litinin.

Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Washegari maza suka shiga kwata da ƙugiya da cebur, suna jawo tufafi suna tarawa a bakin hanya, kowa na wucewa yana gani. Mai unguwa ya aika a faɗa wa kowa za a zauna a ƙofar gidansa bayan la'asar.

Kafin taron Patiron ya kira ni. Ya ce, "Duk unguwar nan wa bai zuba shara a kwata ba? Masu gwanjo nawa ne a sama da mu? In an tambaye ki, ke dai ba ki sani ba."

Na fito na sami Mama Ngono tana ninke tamfol. Na ce mata me zan yi. Ta ce, "Ba zan faɗa miki ba, Shef. 'Ya'ya uku gare ki, mijinki ba ya nan, ni ba ni zan ciyar da su ba. Amma duk abin da kika faɗa, a gefenki zan zauna."

A taron, Patiron ya yi magana mai tsawo a kan ruwan bana da ya fi ƙarfin kowa, da kuma yadda kowa ke zubar da shara. Mutane da dama suka gyaɗa kai, don akwai gaskiya a ciki. Sai mai unguwa ya juyo wajen mata ya ce, "Balkisu, ke ce babba a masu tantancewa. Kayan nan daga ina suka fito?"

Baba Iliyasu na zaune a gaba, ƙafafunsa duk taɓo, ya sunkuyar da kai. Na ce, "Ranka ya daɗe, namu ne. Mako bakwai muna tarawa a bayan katanga. Ni na sa aka tara."

Mai unguwa ya ce, "Ke kika ga dama, ko sa ki aka yi?"

Na ce, "An ce in yi, na san bakin kwata ne, kuma na yi."

Wuri ya ɗauki hayaniya. Wasu samari suka ce a rufe magazar, wasu suka ce a kai magana hukuma. Mai unguwa ya tsawatar, ya yanke cewa Patiron ya dawo da motar kwasar tsumma, ya kuma gyara gidajen da ruwa ya ɓata, shi kuma Patiron ya amince a gaban kowa. Sannan aka tambayi Baba Iliyasu ko yana da magana. Ya ɗago ya ce, "Abu ɗaya nake roƙo. Kafin mota ta kwashe, a bar ni in riƙa dubawa. Jiya na ga wanduna a cikin kwata da zip kawai suka rasa."

Da safe na je aiki, mai riƙe makulli ya tare ni a ƙofa ya ce Alhaji ya ce in huta. Na gane. Mama Ngono ta ajiye almakashinta ta biyo ni, duk da ba wanda ya kore ta.

Kwana tara na yi a gida, ba na fita sai ɗiban ruwa. Kunya ta hana ni bin ta gangare. Ranar na goma Baba Iliyasu ya zo da kansa, ya yi sallama ya tsaya a zaure. Na fito na durƙusa na fara ba shi haƙuri, ya katse ni.

Ya ce, "'Yata, haƙurin ya wuce, kin ba ni shi a gaban jama'a. Wata magana ce ta kawo ni. Kekuna uku gare ni, na kwance su na wanke na sa mai, duk sun tashi. 'Ya'yana sun kama aikin babur, ba mai son ɗinki. Idona ya yi rauni, ba na bambance yadi mai kyau da marar kyau sai na shafa. Ke kuwa shekara goma sha ɗaya kina wannan. Ki zo ki zaɓa, ni in koya miki ɗinki."

Na ce, "Baba, ni ce fa na jawo ruwa ya shiga ɗakin Inna."

Ya ce, "Ita ta ce in zo."

Na yi ta kuka a zauren nan, shi kuma ya tsaya yana kallon ƙasa har na gama.

Na je da Mama Ngono. Ta zagaya shagon ta duba kekunan, sannan ta zauna a benci ta ce, "Baba, in tambaye ka. Kekunan naka ne, mu mu yi aiki, kai ka ce a yi kaza a bar kaza?"

Ya ce to da yaya za a yi.

Ta ce, "In haka ne ka zama sabon Patiron, ni kuma na gaji. Alhaji ba shaiɗan ba ne. Ribarsa ya duba, kwatar kuwa ba ta kowa ba ce, shi ya sa ya zuba a ciki. Kai ma ranar da abu ya matse ka, haka za ka yi, mu kuma mu ce to. In dai za mu yi, kekuna su zama na duk mai aiki a nan. Kowa murya ɗaya. Wanda zai yanke shawarar inda shara za ta je, ya zama wanda ruwa zai shiga ɗakinsa."

Na ji kamar in nutse, don dattijon alheri ya zo yi mana. Shi kuwa ya yi murmushi ya ce a ba shi kwana uku. Ɗaya daga cikin kekunan na mahaifinsa ne, da shi aka yi hijira daga Najeriya. Da kwana ukun suka cika ya kira liman da mai unguwa, ya ce su shaida ya bayar da kekuna biyu ga ƙungiya har abada, na mahaifinsa kuma a yi aiki da shi muddin yana raye, bayan ransa magada su yanke. Mama Ngono ta ce wannan adalci ne. Daga baya muka yi rajista a matsayin ƙungiyar haɗin gwiwa, mu bakwai: mu uku, da mata biyu daga gidajen da ruwa ya shiga, da teloli biyu da suka daɗe da rufe shago.

Dokokin da kuke bi yau a benci ɗaya aka tsara su. Gyara kafin sabon ɗinki. Ba a ɗinka abin da ba wanda ya nema. Wandon babba da ya mutu a gwiwa ya zama na yaro, rigunan da suka yage su zama jakar cefane, ƙyallen da ya rage a cusa a matashi da katifa. Abin da ya gagara, mu da kanmu muke kai shi inda mota ke kwasa. Ranar Asabar ta farkon wata kuma a shiga kwata tare da mutanen gangare.

Ba duka ne ya tafi daidai ba. A shekara ta biyu wani ɗan kasuwa ya zo ya ce zai kawo mana kekunan lantarki, mu riƙa ɗinka masa rigunan taro, irin waɗanda ake sawa rana ɗaya a yar, amma wurin ya koma sunansa. Muka yi kwana biyu muna gardama. Ni kaina na so, don a lokacin abinci na yi mana wuya a gida. Aka ɗaga hannu, masu ƙi suka fi yawa da mutum ɗaya. Teloli biyun nan suka bi shi, kuma ban ga laifinsu ba, har yau muna gaisawa.

Wata rana ɗalibai suka zo daga jami'a da littattafansu, suka yi ta tambaya. Suka ce abin da ke ɗumama duniya shi ne tsarin jari-hujja, wanda dole ya yi ta ƙera kaya ko ana bukata ko ba a bukata, abin da muke yi kuma sunansa gurguzu mai kiyaye muhalli. Baba Iliyasu ya saurare su har ƙarshe, sannan ya ce, "To, madalla. Mu a wurin iyayenmu gayya muka ji ana ce masa." Mama Ngono ta ce musu su rubuta da kyau cewa kekuna goma ba za su gyara sama ba, sai ranar da masu manyan injuna ma aka tambaye su wa ya ba su izni. Ita har yanzu ba ta sauka daga wannan magana ba, ni kuma na daina yi mata dariya.

Patiron yana nan, motarsa na zuwa duk Asabar, kuma mu ke fara duba tsummansa kafin a loda. Bara ya aiko da jallabiyarsa a rage mata tsawo. Ni na ɗinka.

Inna Hauwa ta rasu shekara uku da suka wuce, Baba ya bi ta bayan wata takwas. Allah ya jiƙansu. Da aka zo rabon gado, 'ya'yansa suka ce keken kakansu ya zauna inda yake.

Abin da aikin nan ya koya mini ba mai yawa ba ne, amma na riƙe shi. A magaza na ga yadda mutumin kirki ke aikata ɓarna ba tare da ya ƙi kowa ba, don kawai wani na sama ya matse shi, shi ma ya matse na ƙasa, har abin ya gangaro kan tsohuwar da ba ta iya tashi daga gado. Ni ma ina cikin layin, na karɓa na miƙa. A shagon nan kuma na ga cewa idan masu aiki su ne masu wurin, kuma su ne maƙwabtan kwata, ba sai an yi musu wa'azi ba. Gwanjo ya suturta talakawa da yawa, ni ma shi na sa na girma, ba na zaginsa. Ruwa kuma bai daina zuwa da ƙarfi ba, bana ma ya fi. Sai dai idan hadari ya haɗu yanzu, ina iya ci gaba da ɗinkina hankali kwance, kuma wannan mutum biyu ne suka ba ni shi: matar da ta ƙi faɗa mini abin da zan ce, da dattijon da na ɓata wa gida ya tako har zaurenmu ya ba ni sana'a. Duk wadda ta yi kuskure a cikinku, ko babba ne, ta zo ta faɗa da bakinta a taronmu na Asabar. Ba a korar mutum a nan don ya faɗi gaskiya.